Albasar Galmi da Shari'ar Mallakar Fasaha: An Tsare Suna, Saura Iri

A shekarar 2023, a nan birnin Yamai, shugabannin Hukumar Kare Mallakar Fasaha ta Afirka, wadda aka fi sani da OAPI, suka miƙa wa gwamnatin Jamhuriyar Nijar takardun shaida guda huɗu. Biyu daga ciki suna tabbatar da cewa jar albasar Galmi da kilishin Nijar kaya ne masu asali, waɗanda ba ya halatta wani ya ɗora sunansu a kan hajarsa sai fa in a ƙasarsu ta asali aka samar da ita, bisa ƙa'idar da aka rubuta. Sauran biyun kuwa suna bai wa cukun Nijar da fatar jar akuyar Maraɗi tambari na tarayya, wanda masu sana'ar za su riƙa amfani da shi gaba ɗayansu. An yi murna, kuma murnar tana bisa hanya, domin ba ƙaramin al'amari ba ne a ce wahalar manomi da mahauci da makiyayi da majemi ta sami shiga cikin kundin shari'ar ƙasashe 17. Sai dai duk wanda ya bi diddigin yadda aka yi har aka zo ga wannan rana, ya kuma karanta dokokin da muka sa wa hannu da idon basira, zai ga cewa abin da muka tsare suna ne kawai, alhali kuwa iri, wanda shi ne tushen arzikin, har yanzu ba shi da mai tsaro. A kan wannan ne nake so in ja hankalin hukuma da malamai da manoma tun lokaci bai ƙure ba.

Galmi gari ne a jihar Tawa, tsakanin Birnin Ƙonni da Madawa, bisa babbar hanyar da ta tashi daga Yamai ta nufi Maraɗi da Damagaram, kimanin kilomita 500 daga babban birni. A wannan yanki na Adar da kwarin Maggiya ne aka fi noman albasar da ta ɗauki sunansa, wadda ƴan kasuwa daga Ankara ta Gana har Abijan da Kwatano da Lome suka san ta da yaji da tauri da jure ajiya. Nijar tana noma fiye da tan miliyan ɗaya na albasa a shekara, kuma cikin abin da ƙasa ke tsirarwa babu wanda ke shigo mana da kuɗin waje kamarta. Wannan inganci kuwa ba daga sama ya faɗo ba. Shekara da shekaru, tun kaka da kakanni, manomi yakan tsaya bayan girbi ya ware kawunan albasa mafi kyau, masu cikar launi da siririn wuya, ya adana su a rudu har damina ta wuce, sa'an nan ya sake dasa su domin su yi fure su ba da iri. Abin da ya ruɓe a ajiya ya fita daga zuriya, abin da ya jure zafin bazara ya wanzu. Daga baya masu binciken aikin gona, tun zamanin cibiyar IRAT ta Faransawa har zuwa cibiyarmu ta INRAN da aka kafa a 1975, suka tace wannan iri suka yaɗa shi da sunan Violet de Galmi. Ashe ke nan aikin hannaye ne masu yawa, galibinsu sun riga mu gidan gaskiya, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya taɓa tunanin ya ce shi kaɗai ke da shi.

Ita kuwa hukumar OAPI, wadda mazauninta yake a Yawunde ta ƙasar Kamaru, asalinta wata yarjejeniya ce da ƙasashe rainon Faransa suka ƙulla a Libreville a 1962, aka sake mata gini da Yarjejeniyar Bangi ta 1977, aka yi mata gyara a 1999, aka kuma sake yi mata wani a Bamako a 2015. Abin da ya bambanta ta da takwarorinta shi ne, Yarjejeniyar Bangi ita ce dokar kowace ƙasa daga cikin mambobinta, kuma takarda guda da aka buga wa hatimi a Yawunde tana da ƙarfin hukunci a Dakar da Bamako da Yamai da Galmi a lokaci ɗaya. A gyaran 1999 ne aka ƙara wani babi, na goma, wanda ya bai wa mai samar da sabon irin shuka damar ya mallake shi har shekara 25, ya hana kowa ninka shi ko sayar da shi sai da izninsa. Babin ya fara aiki a farkon 2006.

A wannan shekara ta 2006 ɗin ne wani kamfanin iri na ƙasar Sanagal mai suna Tropicasem, wanda yake da alaƙa da kamfanin Technisem na Faransa, ya shigar da buƙata a Yawunde yana neman a ba shi haƙƙin mallakar wani irin albasa, sunan da ya rubuta kuwa shi ne Violet de Galmi. Labarin bai iso kunnen masu abin ba sai bayan shekaru, kuma da ya iso, a wajen 2009, ƙungiyar masu sana'ar albasa ta ANFO da ƙungiyoyin manoma na Afirka ta Yamma da gwamnatin Nijar suka tashi tsaye suka nuna rashin amincewa, har kamfanin ya janye wannan suna. Amma fa bai janye daga neman ba, sai ya sake gabatar da buƙatarsa da sunan Violet de Damani, abin da ƙungiyoyin manoma suka ce albasar nan ce dai tasu aka sauya wa laƙabi. Mai karatu ya tsaya ya auna abin da zai faru da a ce babu wanda ya farga: da takardar ta fito da sunan farko, da an wayi gari ɗan Galmi, a cikin garin Galmi, yana iya zama mai laifi a gaban shari'ar ƙasarsa don ya sayar wa maƙwabcinsa irin albasar Galmi. Da haka ta faru, da maganar nan ta magabata ta tabbata a kanmu, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Tambayar da ta kamaci mai hankali a nan ba ta tsaya ga kamfani ɗaya ba, domin ɗan kasuwa duk ƙofar da ya tarar a buɗe zai shiga. Tambayar ita ce, wace irin doka ce ta bar ƙofar a buɗe? Babi na goma an gina shi ne bisa tsarin ƙungiyar UPOV, wadda ƙasashen Turai suka kafa a 1961 domin kamfanoninsu na iri, aka tsananta sharuɗɗanta a 1991, OAPI kuma ta shige ta a 2014. A wannan tsari, kafin a ba da takarda, wajibi ne iri ya cika sharaɗi huɗu: ya zama sabo, ya bambanta da waɗanda aka sani, tsirransa su yi kama da juna, kuma siffarsa ta tabbata daga shuka zuwa shuka. Sharuɗɗan suna da kyawun ji, amma in aka ɗora su a kan gonakinmu sai illarsu ta bayyana. Irin manomi, ko na gero ne ko na dawa ko na wake ko na albasa, ƙarfinsa yana cikin rashin zamansa bai ɗaya, domin wannan bambanci da ke tsakanin tsirransa shi ke sa in fari ya kashe wasu, wasu su tsira. Saboda haka ba zai taɓa cika sharaɗin kamanni ba, doka kuwa ba ta san da zamansa ba. Wanda yake da ɗakin bincike da kuɗin rajista, shi yana iya ɗaukar wannan irin, ya tace shi ƴan shekaru har ya daidaita, ya kai shi Yawunde a matsayin sabo. Mai bincike kuma ba zai iya gane cewa sananne ne ba sai in an taɓa rubuta siffarsa a wani kundi da hannunsa ke iya kaiwa. Dokar tana ganin aikin shekara biyar na mutum ɗaya, ba ta ganin aikin ƙarnoni na al'umma.

Kada a fahimce ni da cewa ina inkarin haƙƙin mai ƙirƙira. Wanda ya ɓatar da ƙuruciyarsa da dukiyarsa har ya samar da irin gero mai nuna da wuri, ko maganin cuta, ko na'urar ban ruwa, lalle ya cancanci ya ci gajiyar wahalarsa, kuma ƙasar da ba ta saka wa masu fasaharta za ta dawwama tana sayen fasahar wasu. Malaman Musulunci na wannan zamani sun yi ijtihadi a kan mas'alar, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwaiti a 1988, ta zartar cewa sunan kasuwanci da tambari da haƙƙin wallafa da haƙƙin ƙirƙira duk haƙƙoƙi ne da shari'a ta kiyaye, ba ya halatta a yi musu ta'adi. Amma fuƙaha'un da suka tabbatar da mallaka su ne kuma suka yi mata iyaka. Sun ce wanda ya raya matacciyar ƙasa ya mallake ta, da sharaɗin ta kasance matacciya da gaske, ba ta da mai ita. Wanda kuwa ya shiga gonar da ake nomawa ya kafa alama, wannan sunansa ƙwace, ko da ya ƙara mata taki. Sun kuma haramta ihtikari, watau ɓoye abincin jama'a domin a ƙuntata musu, suka bai wa shugaba ikon ya sa baki idan maslahar jama'a ta ci karo da ribar mutum guda. Idan ɓoye hatsi haramun ne, ina ga riƙe irin da hatsin ke fitowa daga gare shi? Mizanin a bayyane yake: mai ƙirƙira yana da haƙƙi a kan abin da ya ƙara, ba shi da haƙƙi a kan abin da ya tarar.

Ba mu kaɗai wannan jarrabawa ta taɓa samu ba. A 1994 ofishin rajistar ƙirƙira na Turai ya bai wa kamfanin W. R. Grace da ma'aikatar gona ta Amurka takarda a kan wani maganin cutar shuka da ake yi da man dogon yaro, itacen nan da ke inuwa a kowane titi na Yamai. Mutanen Indiya suka kawo hujjar cewa sun daɗe suna wannan aiki, aka soke takardar a 2000, aka tabbatar da sokewar a 2005, bayan an shafe shekara goma ana shari'a. Habashawa ma sun ga yadda wani ɗan ƙasar Holan ya riƙe takarda a kan sarrafa garin hatsinsu na tef, har sai da wata kotun Holan ta rushe ta a 2018. Mu kanmu tarihi ya riga ya koya mana darasin, tun babu waɗannan dokoki: fatun jajayen awakin ƙasar Hausa, waɗanda majemanmu suka jeme, ayari ya ƙetare Sahara da su, ƙarnoni suka shuɗe Turawa suna sayensu suna rufe littattafai masu daraja da su, suna kiransu fatar Maroko, domin ta can suka biyo.

Saboda irin waɗannan ƙararraki ne ƙasashe masu tasowa suka shafe fiye da shekara ashirin suna muhawara a Hukumar Mallakar Fasaha ta Duniya da ke Janeba, har a ranar 24 ga Mayu 2024 aka amince da wata sabuwar yarjejeniya, wadda ta wajabta wa mai neman takardar ƙirƙira, idan ƙirƙirarsa ta ginu a kan wata shuka ko dabba ko ilmin gargajiya, ya bayyana ƙasar da abin ya fito da al'ummar da ta ba da ilmin. Wannan ƙa'ida ba baƙuwa ba ce ga wanda ya zauna a zauren malamai, domin ita ce ƙa'idar isnadi: ba a karɓar ilmi daga mutum sai ya faɗi daga wa ya ɗauko, kuma wanda ya ɓoye malaminsa ya jingina wa kansa abin da ba nasa ba, an ɗauke shi maha'inci. Yarjejeniyar ci gaba ce, amma tana da giɓi wanda ya shafe mu kai tsaye. Ba za ta fara aiki ba sai ƙasashe 15 sun tabbatar da ita. Ba ta komawa baya ga takardun da aka riga aka bayar. Rashin bayyana asali shi kaɗai ba ya rushe takarda sai an tabbatar da niyyar zamba. Mafi girma kuma, a kan takardun ƙirƙira take magana, ba ta taɓa takardun mallakar irin shuka ba, waɗanda ta ƙofarsu aka biyo wa albasarmu.

Akwai kuma mas'alar haƙƙin manomi a kan irin da ya saya. Babi na goma ya yarda manomi ya ajiye wani abu daga girbinsa ya sake shukawa a gonarsa, amma bai ba shi damar ya sayar ko ya yi musaya da irin da ke ƙarƙashin kariya ba. To, a ƙasar da mafi yawan irin da ake shukawa daga rumbun manomi da kasuwar ƙauye da hannun ɗan'uwa yake fitowa, inda ba wa maƙwabci tiyar iri a bakin damina yake cikin zumunci da sadaka, wannan hani yana yaƙi ne da urfin da ya rayar da mu a shekarun fari. Abin takaici shi ne babu wanda ya tilasta mu. Dokar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta bar kowace ƙasa ta tsara tata hanyar kare irin shuka, ta kuma ɗaga wa ƙasashe mafi ƙarancin ƙarfi, irin Nijar, ƙafa har zuwa 2034. Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta rubuta dokar koyi a 2000 wadda ta haɗa haƙƙin al'umma da na manomi da na mai bincike. Indiya kuma, a dokarta ta 2001, ta bar manomi ya ajiye, ya shuka, ya yi musaya, har ya sayar, muddin bai zuba irin a buhu mai tambarin kamfani ba, kuma kamfanonin iri ba su gudu daga Indiya ba. Wanda ya ce gyara ba ya yiwuwa, sai a tuna masa cewa Yarjejeniyar Bangi ta 1999 ta ɗora mana kiyaye takardun magunguna tun kafin lokacin da duniya ta nema daga gare mu, gyaran Bamako kuma ya zo ya sauke wannan nauyi daga kan matalautan ƙasashe har zuwa 2033. Abin da aka yi wa magani ana iya yi wa iri.

Ita kanta shaidar asali da muka samu, takarda ce da ba ta aiki da kanta. Barkonon Penja na Kamaru, wanda ya riga kowa samun irinta a 2013, darajarsa ta tashi ne domin manomansa sun haɗu cikin ƙungiya, sun bi ƙa'ida ɗaya, sun sa masu duba inganci, har suka kai ga yin rajistarsa a Tarayyar Turai. Mu kuwa, muddin albasa tana fita a buhunan da ba su da alama, ana gauraya ta Galmi da wadda ba ita ba, farashi yana faɗuwa warwas a lokacin girbi saboda kowa ya fitar a rana ɗaya, wani kaso mai yawa kuma yana ruɓewa a rudu kafin kasuwa ta tashi, to manomi ba zai ga bambanci tsakanin jiya da yau ba. Sa'an nan takardar Yawunde ba ta da hukunci a Gana, wadda take cikin manyan masu sayen albasarmu, ba ta da shi kuma a Nijeriya, domin dukansu ba mambobin OAPI ba ne. A nan ne kasuwar bai ɗaya ta Afirka, wadda aka ƙaddamar da aikinta a nan Yamai a watan Yuli na 2019, aka kuma amince da babinta na mallakar fasaha a 2023, take da amfani, in wakilanmu sun tsaya a kan a riƙa girmama shaidar asali daga ƙasa zuwa ƙasa. Game da kilishi kuwa, ya kamata a yi hattara kada tambari ya zama sanadin husuma da ƴan'uwanmu na Kano da Katsina da Sakkwato, waɗanda sana'ar gadonsu ce kamar yadda take gadonmu. Abin da aka tsare shi ne sunan kilishin Nijar, maslahar Hausawan ɓangarorin biyu kuwa ita ce su haɗa kai su kiyaye ingancinsa da tsabtarsa a kasuwannin duniya.

Abin da nake roƙo ga hukuma abu huɗu ne, kuma babu wanda ya fi ƙarfinmu a cikinsu. Na farko, a ɗora wa INRAN da Jami'ar Abdu Mumuni, tare da taimakon taskar iri ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, aikin rubuta siffofin irin manomanmu a kundi na hukuma, gero da dawa da wake da gyaɗa da tattasan Difa da farar albasar Sumarana da ta Goteye, kowanne da sunan yankin da ya raine shi, domin ranar da wani ya zo da da'awa a tarar hujja ta riga shi. Na biyu, a sa ma'aikata masu ilmin shari'a da na noma su riƙa karanta kowace sanarwa da ke fitowa daga Yawunde, su ɗaga murya cikin wa'adin da doka ta tanada, kada a sake jin labari bayan shekara uku. Na uku, Nijar ta tabbatar da yarjejeniyar Janeba, ta kuma nemi abokanta a OAPI, musamman Mali da Burkina Faso waɗanda matsalarsu irin tamu ce, a gyara babi na goma, a wajabta bayyana asalin iri, a kuma rubuta haƙƙin manomi na ajiya da musaya da sayarwa baro-baro. Na huɗu, a mayar da shaidar asali hannun ƙungiyoyin manoma da mahauta da majema, a taimake su da rumbunan ajiya da buhuna masu tambari da masu duba inganci, a kuma fassara musu ƙa'idojin cikin Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa, a karanta su a gidajen rediyo, domin haƙƙin da mai shi bai san da shi ba daidai yake da babu.

Muna cikin zamanin da ake yawaita magana a kan ikon ƙasa bisa albarkatunta, ana ambaton yuraniyom da man fetur da zinariya, kuma magana ce mai kyau. Sai dai ma'adini yana ƙarewa, kuma kaɗan ne daga cikin talakawa ke taɓa shi da hannunsu, alhali iri yana hannun kowane magidanci, da shi ake ci, da shi ake aure da suna, da shi ake fitar da zakka. Amana ce da magabata suka bar mana ba tare da sun nemi lada a wurin kowa ba, kuma za a tambayi shugabanni da masana a kan yadda suka riƙe ta. Majalisar ministocin OAPI tana zama kowace shekara, Nijar kuma tana da kujera da murya a cikinta. Wajibi ne wakilinmu ya je zama na gaba da buƙatar gyaran babi na goma a rubuce, manoma kuma su tambaye shi abin da ya dawo da shi. Allah ya ba shugabanninmu ikon tsare haƙƙin talakawansu, ya sa albarka a noman rani da na damina.